Babur a Ƙasar Jibia: Gwanintar da Aka Mayar Abin Tuhuma

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da matasa da magidanta ke zuba wa kuɗi ba kaɗan ba. Abokai sukan ɗora baburansu a bayan mota ranar Juma'a da yamma, su nufi cikin duwatsu, su kwashe Asabar da Lahadi suna bin siraran hanyoyi ta cikin kwazazzabai da rafuka, dare ya yi su kwana a tanti. Baburan ma na musamman ne, dogaye, masu tayoyi masu kaushi da ke kama ƙasa. Duk wanda ya san ƙasar Jibia zai gane cewa abin da waɗancan ke biyan kuɗi su koya, shi ne aikin yau da gobe na ɗan kabu-kabu tsakanin Magama da Ɗan Isa, kuma da Bajaj Boxer ɗin da ba a ƙera shi don wannan ba. Can ana ba gwanin tuƙi a daji kofi, nan kuwa kallon tuhuma ake yi masa. A ganina an ɗora wa babur laifin da ba nasa ba, kuma dokokin da aka yi ta kafawa a kansa sun fi cutar da manomi da ɗan kasuwa fiye da ɗan bindigar da aka yi su dominsa.

Sai mutum ya dubi yadda ƙasar take kafin ya fahimci darajar wannan gwaninta. Kwalta ɗaya ce ta taso daga Katsina ta bi ta Magama ta tsallaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Da zarar an sauka daga kanta, sai burtali da rairayi da fako da gulbin da ke bushewa da rani ya cika ya batse da damina. Tuƙi a rairayi ilimi ne mai zaman kansa. Gwani yakan rage iskar taya kaɗan don ta baje a kan yashi, ya ja jikinsa baya don gaban mashin ya yi sauƙi, ya riƙe totur ba tare da ya sassauta ba, ya kuma nisanci birkin gaba, domin da ya taɓa shi taya ta nutse, sai dai a tashi a kakkaɓe riga. Yana yin haka ne ɗauke da buhu biyu na gero, ko mai naƙuda da 'yar rakiyarta, a hanyar da ba ta da alama sai kuka da tsamiya da sawun waɗanda suka riga shi wucewa. Ranar Lahadi da kasuwar Jibia ke ci, kaya masu ɗimbin yawa da haka suke fitowa daga ƙauyukan da motar haya ba ta zuwa. A irin waɗannan ƙauyuka babur shi ne motar asibiti, shi ne kuma motar kasuwa, bakanike da mai faci kuwa da shi suke ci da iyalinsu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, manufofin gwamnati ne da kansu suka ƙara tura mutane ɓarauniyar hanya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, abin da ya bar mutanen Jibia a hannun 'yan bumburutu. Ba a sake buɗe iyakar Jibia ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi wa shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta, har zuwa Maris na 2024. To amma Katsinawan Katsina da Katsinawan Maraɗi dangi ne, aure da suna da zaman makoki ba sa jiran takardar Abuja ko ta Yamai. Duk lokacin da aka sa shinge a kwalta, tafiyar ba ta tsayawa, daji kawai take komawa, kuma abin hawa ɗaya ne ke iya bin dajin.

Masu goyon bayan hana babur suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. A kan babura 'yan bindiga ke fitowa daga dajin Rugu da dajin Baban Rafi na ɓangaren Madarunfa, biyu-biyu ko uku-uku, su afka wa gari su koma kafin motar jami'an tsaro ta kai bakin gulbi. A kan babura suka zo Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020, aka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji. A ƙauyukan Jibia da Batsari da Safana, ƙarar mashin da yawa a lokaci ɗaya ta isa ta sa uwa ta suri ɗanta ta ruga. Don haka ba abin mamaki ba ne da rundunar soja ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai har da Katsina a watan Mayun 2019, ko da gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar ƙarshen Agustan 2021, wadda ta rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana goyon mutum uku, ta kuma hana zirga-zirgar babura daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Amma doka tana kama wanda ke bi ta gaban shingen bincike ne kawai. Ɗan bindiga ba ya bi ta nan, ba shi da lamba, ba ya tsoron tara. Wanda dokar ta zaunar a gida shi ne mijin da naƙuda ta kama matarsa bayan magariba. Hare-haren kuwa ba su tsaya ba, domin a watan Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka yi ta kwarara cikin garin Jibia suna gudun hijira. Nijar ma ta gwada irin wannan a Diffa tun 2015 da Tillaberi a 2020, dubban matasa suka rasa sana'a a yankunan da masu ɗauke da makamai ke neman waɗanda za su ɗauka. Hujja mafi ƙarfi cewa laifin ba na babur ba ne ita ce wadda gwamnatin Katsina ta bayar da kanta: da gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, ɗaruruwan babura ya raba mata, saboda kowa ya san mashin kaɗai ke cim ma mashin a wannan ƙasa.

Batun fasa-ƙwauri ma gaskiya ne, shinkafa na shigowa, fetur na fita. Sai dai abin da ke tura shi bambancin farashi ne tsakanin ƙasashen biyu, shi ya sa janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya rage ribar jarka fiye da yadda kowane shinge ya taɓa yi.

Wani zai ce maganar hawa babur don nishaɗi a ƙasar da ake zaman makoki rashin sanin ciwon kai ne. Ina ganin ba haka ba ne. Bahaushe bai taɓa ɗaukar hawa don jin daɗi a matsayin shiririta ba, kilisa da sukuwa al'adunmu ne tun kafin mashin ya zo, kuma Katsina gidan dawaki ce. Tseren da ya fi kowanne suna a duniya wajen tuƙi a daji ma da ƙasar maƙwabtanmu ya yi suna. Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar bayan ya ɓata da babur a hamada a 1977, aka tashi na farko a ƙarshen Disamban 1978, Cyril Neveu ya lashe shi a kan Yamaha. Shekara da shekaru ayarin na ratsa Agadas da hamadar Tenere da gefen duwatsun Azbin, masu masauki da masu ja-gora da kanikawa na samun abin sawa a baka. Rashin tsaro ne ya sa aka soke shi a 2008, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Abin da ya kori wancan tsere daga Afirka shi ne ya hana samarin Jibia goma su haɗu ranar Asabar su zaga bakin dam ko su nufi duwatsun Batsari, domin mashin goma a jere yau gargaɗin hari ne. Da aka rasa fili, sai gwanintar ta koma kan kwalta ranar ɗaurin aure, ana ɗaga tayar gaba a tsakiyar jama'a ba hular kwano, ana cika asibiti da karaya.

Abin da ya fi hani amfani shi ne a san wane ne a kan mashin. A yi wa kowane babur rajista a mazaɓarsa da shaidar mai unguwa, ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu na Jibia da na Ɗan Isa su riƙa sanin mambobinsu da lamba da riga, a kuma matsa bincike inda 'yan bindiga ke samun mashin ɗin, wato dillalan da ke sayar da babura da yawa ga mutum ɗaya da masu kai su daji a matsayin kuɗin fansa. Waɗannan mutane ƙalilan ne, kuma suna da shago da adireshi. Matasan da suka san kowane burtali su ne suka fi dacewa da aikin kai allurar rigakafi da ɗauko marar lafiya da yi wa jami'an tsaro ja-gora. Ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Jibia, ba zai shiga ƙauye ba. Fasinjan da ya sauka a tasha da buhun gerun da za a loda a tarago, duka sai sun bi ta hannun mai mashin.