Kwalliyar Kaka Da Kakanni Ta Dawo Gidajen Biki A Kura Da Bunkure

Duk wanda ke halartar bukukuwan aure a ƙasar Kano cikin 'yan shekarun nan zai lura cewa kwalliyar mutanen da ta soma dawowa. A ranar kamu, ko kuwa ranar da ɗalibai ke nuna al'adun gargajiya a makarantunsu, akan ga 'yan mata sun ɗaura zanen saƙi, sun rambaɗa kwalli, sun yi ɗige-ɗige baƙaƙe a kumatu, sun rataya murjani, kai ka ce kakanninsu ne suka fito daga cikin tsohon hoto. Wannan yayi bai tsaya a birni kaɗai ba, ya kai har garuruwan noman rani na Kura da Bunkure, inda kuwa maganar take da tushe mai zurfi, domin wani sashe na kayan wannan ado daga ƙasarsu yake fitowa tun asali.

Sai dai akwai abin lura. Yawancin masu kwaikwayon wannan ado kamanninsa kawai suke ɗauka, ba su san kayan da ake haɗa shi da su ba. A cikin kayan kakanni kuwa akwai masu amfani waɗanda aka yi watsi da su, akwai kuma wanda binciken masana ya tabbatar yana ɗauke da guba, amma shi ne aka fi riƙewa.

GARIN SHUNI

Garin Kura yana kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, tafiyar kilomita 30 ko fiye da haka kaɗan. Tun kafin a san shi da shinkafa, da rini aka san shi. A karofinsa ake rina turkuɗin nan da ake kira ɗan Kura, wanda akan tsoma a baba sau da yawa, sa'an nan a kai shi mabuga a buga shi da garin shuni har ya yi baƙi wuluk yana walƙiya. Fatake suka riƙa kai shi Agadas da sauran garuruwan Sahara, inda Abzinawa ke naɗa shi. Shunin yakan zuba a fatar mai sanye da shi, su kuwa wannan zubar ita ce adon a wurinsu. Marigayi Farfesa Philip Shea na Jami'ar Bayero ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan wannan ciniki na rinannun tufafin ƙasar Kano a ƙarni na 19.

Shunin da ya ƙawata tufafi shi ne kuma ya ƙawata mata. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya ba da labarin yadda ya ga matan garin suna shafa shuni a gashi da gira, da yadda maza da mata ke rina haƙora da fure. Ke nan wannan kwalliya ta kai shekara 200 a rubuce, a aikace kuwa ta girmi haka nesa ba kusa ba.

DAGA KA ZUWA ƘAFA

Mace a wancan zamani daga ka take fara ado. Makitsiya takan yi mata doka, watau a tattara gashi a tsakiyar ka bisa wani ɗan matashi na tsumma ko na gashi, ya tashi kamar tudu daga goshi zuwa ƙeya. Daga nan sai a kwaɓa shuni da man shanu a shafe shi, ya yi baƙi mai ratsin shuɗi yana ƙyalli. Irin wannan kitso yakan daɗe a ka, don haka ba kowace rana ake zuwa gidan makitsiya ba.

A fuska kuwa, abin farko shi ne kwalli, wanda wasu ke kira tozali. Dutse ne mai nauyi da sheƙi, akan niƙa shi ya yi laushi ƙwarai, a zuba a ɗan tandu na fata, a riƙa zizarawa a ido da tsinke. Sai katambiri, watau baƙin ruwan da ake samu daga 'ya'yan itace irin su gauɗe, wanda ake zana layuka da ɗige-ɗige da shi a goshi da kumatu. Idan ya bushe yakan kama fata ya yi kwanaki kafin ya goge. Jan bakin zamanin kuwa shi ne goro da furen taba: a tauna goro, a goga furen a haƙora, baki ya yi ja wur.

Fata ba ta san wani mai ba sai man kaɗanya da man shanu da alayyadi, wanka kuma da sabulun salo. Hannu da ƙafa kuwa na lalle ne. Akan daka busasshen ganyensa a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, a cusa hannu cikin zunguru, a ƙunshe ƙafa da ganye da tsumma, a kwana da shi. Mai son ya yi duhu sai ta maimaita dare biyu ko uku. Darajar lalle ta kai har aka sa wa wani mataki na biki sunansa, watau sa lalle, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana dalla-dalla a tarihin rayuwarta wanda Mary Smith ta rubuta, aka buga a 1954. Abin da ya rage sai murjani da tsakiya a wuya, awarwaro a hannu, jigida a ƙugu, sa'an nan a turara jiki da tufafi da turaren wuta.

RUWAN TIGA

Abubuwa biyu ne suka juya wannan al'amari. Na farko shi ne shunin kanti, wanda kamfanin BASF na ƙasar Jamus ya fara sayarwa a 1897, wanda sannu a hankali ya karya darajar baba a duniya baki ɗaya, tare da yadin masaƙun zamani da ya rage wa saƙi kasuwa. Na biyu shi ne ruwa. A 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aka janyo ruwanta ta babbar hanyar ruwa zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashi na farko na shirin an tsara shi ne a kan kadada kimanin 22,000, kuma a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ke kula da shi.

Babu mai musun alherin da wannan ruwa ya kawo. Ƙasar da a da take zaman jiran damina ta koma fitar da alkama da shinkafa da tumatir da albasa rani da damina, mata da yawa kuma suka sami sana'ar turara shinkafa da sheƙe ta. Da kuɗi suka shigo hannu, sai kayan lefe suka sake kama. Hoda da jagira da jan baki da mayukan kanti suka cika akwati, doka ta ba kalaba da shuku wuri, zunguru ya koma rataye a ɗakin tsofaffi. Abin da ya tsira daga cikin tsofaffin kayan bai wuce kwalli da lalle ba, su ma kuwa kowannensu da tasa matsalar.

GUBAR DA KE CIKIN TANDU

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma kwalli ya nuna cewa ba kowane tsohon abu ne zuma ba. Dutsen da aka saba niƙawa a ƙasar nan dutsen dalma ne, irin wanda ake haƙowa a Zurak ta ƙasar Wase da kuma yankin Abakaliki. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, wanda aka sami dalma mai yawa a jininsa a birnin Boston a 2011. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga Nijeriya, kuma da aka auna shi aka ga kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce.

Yadda abin ke faruwa shi ne yaro ya murza ido ya kai yatsa baki, ko hawaye ya wanke garin ya gangara maƙogwaro. Dalma tana taruwa a jiki, tana rage jini, tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro ta yadda karatu zai riƙa yi masa wuya, mai ciki kuma tana iya miƙa ta ga abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Jama'a ba su manta da abin da ya auku a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Gaskiya ne wancan daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya taso, amma gubar ita ce dai wannan.

Mutane da yawa suna sa kwalli ne don koyi da Sunna, niyya ce kuwa mai kyau. Abin da ya kamata a sani shi ne dutsen da malamai ke ambata da sunan ismidi daban yake da dutsen dalma, kuma awon da aka yi wa kwallin kasuwanni a ƙasashe da dama ya nuna akasarinsa na dalma ne. Ido ba ya iya rarrabe su bayan an niƙa, sai ɗakin gwaji.

Lalle shi ma an shigar masa da baƙo. Ganyen lalle na gaskiya ja yake bayarwa zuwa ruwan ƙasa, kuma sai an yi haƙuri da shi sa'o'i. Baƙin zanen fulawa da ke kamawa nan da nan kuwa sau da yawa da maganin rina gashi ake haɗa shi, mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo daidai siffar zanen. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, to da wuya ya sake karɓarsa har abada.

YADDA ZA A YI

Wadda ke son fitowa da kwalliyar kakanni ba tare da ta cutu ba, hanya a buɗe take. Ta fara da wanka da sabulun salo, ta shafa man kaɗanya kaɗan, ta bar fatarta da launin da Allah ya yi ta, domin adon da bai san shafe-shafen canza launi ba. Ta sa hoda sama-sama. A maimakon kwallin dutse, ta zagaye ido da baƙin fensirin ido mai lambar rajistar hukumar NAFDAC, ta cika girarta da shi, ta yi ɗige-ɗigen kumatu da shi idan katambiri bai samu ba. Jan baki mai duhu, ruwan goro, ya isa ya tsaya a madadin furen taba. Ƙunshi kuwa ta yi shi da ganyen lalle zalla, ta fara kwana uku kafin biki. Idan makitsiya ta iya doka, aka sami saƙi ko ɗan Kura aka ɗaura, to ado ya kammala. Jarirai da ƙananan yara kuwa a nisanta su da kwallin dutse gaba ɗaya.

Akwai kuma rabon manoma a cikin wannan yayi. Lalle itace ne mai jure fari, yana yi a iyakar gona da kan tudun da ruwan hanya ba ya kaiwa. Manomin da ya saba ganin tumatirinsa yana ruɓewa a kwando idan kasuwa ta cika ya san darajar amfanin da za a shanya a ajiye watanni ba tare da ya lalace ba.

Saboda haka ya kamata malaman gona su ƙarfafa dashen lalle da noman baba a gefen filayen noman rani, ma'aikatan asibitocin karkara su sa maganar kwalli cikin jawabin da suke yi wa mata ranar awo, hukuma kuma ta riƙa auna wanda ake sayarwa a kasuwanni. Ɗalibai masu shirya ranar al'ada su ma su tuntuɓi tsofaffin matan Kura da Bunkure tun suna raye, su rubuta sunayen kayan da yadda ake haɗa su. Idan aka yi haka, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.