Ƙishirwa Dabam, Gajiya Dabam: Bayani a Kan Abubuwan Shan 'Yan Wasa



Ni ba likita ba ne, malamin Hausa ne, don haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana. Wanda duk ya zauna a ƙasar Gummi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san yadda gumi ke tsiyaya daga jikin mai noman rani a fadamun Gulbin Zamfara, ko mai haƙar zinariya a Anka da Bukkuyum, ko saurayin da ke buga ƙwallo bayan la'asar. A da, irin wannan mutum randa yakan nufa, ko ya nemi mai fura, watau hura a bakin mutanen nan. Yanzu kuwa sau da yawa sai ka gan shi ya sayi ɗan gwangwani mai sanyi, wai shi abin ƙara ƙarfi. To, wannan kalma ta ƙarfi ita ce ta haddasa ruɗani, domin ta haɗe abubuwa biyu waɗanda Bahaushe bai taɓa haɗa su ba. Tun asali ya san ruwa da fura su ne maganin ƙishirwa, goro kuwa na gyangyaɗi ne da kasala. Ba a taɓa jin wanda ya dawo daga gona maƙogwaro a bushe aka tarye shi da goro ba.

Abin sha na farko shi ne wanda aka yi musamman domin 'yan wasa. Asalinsa daga Jami'ar Florida ta Amurka ne, inda a shekarar 1965 Dokta Robert Cade da abokan aikinsa suka lura 'yan ƙwallon jami'ar na galabaita saboda zafi. Suka haɗa ruwa da gishiri da sukari kaɗan, aka sa masa suna Gatorade. Dalilin haɗin shi ne gumi ba ruwa zalla ba ne, da gishiri yake fita, shi ya sa rigar manomi kan yi fari-fari in ta bushe. Sukarin kuwa an auna shi, kamar kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, don ya taimaki hanji tsotse ruwan da sauri. Ɗan'uwan ruwan gishiri da sukari ne wanda ake ba yaro mai gudawa, sai dai gishirinsa bai kai na wancan ba.

Na biyun kuwa dangin goro ne. Red Bull, alal misali, ya fito a ƙasar Ostiriya a 1987, kuma an samo shi daga wani abin sha na ƙasar Tailan wanda direbobi da leburori ke sha don korar barci. Sinadarin da ke aiki a cikinsa shi ne kafeyin, wanda ake samu a goro da shayi da kofi. Gwangwani ɗaya mai ɗaukar rubu'in lita yana ɗauke da miligiram 80 na kafeyin da kimanin giram 27 na sukari, watau wajen kashi 11 cikin ɗari.

A nan nake so ɗalibai su yi ɗan lissafi. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya. In da irin wannan gwangwani zai mayar da ita, sai ya sha huɗu, watau miligiram 320 na kafeyin da sukari fiye da giram 100. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai kuwa, a 2015, miligiram 400 ta nuna a matsayin abin da baligi zai iya sha a yini guda cur, 200 kuma a zama ɗaya. Sukari mai yawa yakan jinkirta fitar ruwa daga tumbi, kafeyin ya ƙara bugun zuciyar da dama tana cikin wahala. Abin da ya fi damuna ma shi ne yakan rufe wa mutum gajiyarsa, alhali gajiya ita ce jakadiyar da jiki ke aikowa a nemi inuwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa tun 2011 cewa bai dace yara da matasa su sha shi ba sam.

Kada kuma a ɗauka tallan na farkon nake yi. Wanda wasansa bai wuce awa ɗaya ba, ruwan randa mai tsabta ya ishe shi, abincin da zai ci daga baya ya mayar da gishirin. Fura da nono kuwa bayan an tashi aiki ta fi amfani, domin tana da nauyi a ciki. Mai son sanin matsayinsa sai ya dubi fitsarinsa: in ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, jiki na bin sa bashin ruwa. Masu horar da 'yan wasa suna iya auna yaransu kafin wasa da bayansa, ko da a ma'aunin asibiti ne, domin kowane kilo guda da ya ragu kusan lita guda ce ta ruwa da ya kamata a sha sannu a hankali kafin a kwanta.