Ko Kun Sani? Kifin da Ya Yi Nasara a Kotun Ƙoli

Akwai wani ɗan kifi wanda duk duniya babu inda yake rayuwa da kansa sai cikin rami guda, kogon ruwa mai suna Devils Hole da ke hamadar jihar Nebada a Amurka. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, kimanin santimita 2 da rabi, namijin kuwa shuɗi ne shar. Zurfin kogon ya haura mita 100, amma cinsa da ƙyanƙyasarsa duk sun dogara ne kan wani ɗan falalen dutse da ke dab da saman ruwa. A 2013 guda 35 kacal masu ninƙaya suka ƙidaya. Shi ya sa ko taɓa ruwan ba a so. Da rijiyoyin wata gona da ke kusa suka fara janye ruwan ƙarƙashin ƙasa, falalen ya soma fitowa fili, sai Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita jan ruwan a 1976. Hatta girgizar ƙasa a Meziko takan tayar da igiyar ruwa cikin kogon, ta share gansakukar da kifin ke ci da ƙwayayensa.