Masinjan Da Ba A Gani: Yadda A Ke Sa Kwamfuta Ta Cika Fom Da Kanta

Tun zamanin da a ke auna auduga a kasuwannin ƙasar Maska a kai ta injin gurza na Funtuwa, noma da rubutu tare su ke tafiya a wannan yanki. Akwai malamin awo, akwai akawu mai rubuta sunan manomi da nauyin abin da ya kawo, akwai kuma masinja mai kai kundi ofis. Yanzu kundin ya koma cikin intanet, amma wahalar akawu ba ta ragu ba, sai dai ta sake kama. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin raba takin zamani ta hanyar saƙon wayar hannu, aka shiga rajistar manoma. A 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya, aka sake neman sunaye da lambobin BVN. A wannan shekara ce kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, aka kuma tilasta biyan kuɗin Gwamnatin Tarayya cikin asusun bai ɗaya ta hanyar Remita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da shafinsa, kowane shafi kuma da fom ɗinsa.

A ce sakataren wata ƙungiyar manoman masara a Maska ko Bakori yana da sunaye 800 a hannu, kuma kowane suna zai ci minti 5 kafin a shigar da shi. Wannan minti 4,000 ke nan, watau kusan awa 67, fiye da kwana 8 na aikin ofis, in har ba a ɗauke wuta ba kuma sabis bai yanke ba. Aiki ne na maimaici wanda ba ya bukatar tunani, sai dai juriya, kuma a irinsa ne ido kan gaji har a rubuta sifili a gurbin takwas.

To, akwai dabarar da masana kwamfuta su ka daɗe suna amfani da ita domin irin wannan aiki, kuma ya kamata ma'aikatanmu da ɗalibanmu su san yadda ta ke, da amfaninta, da inda ta kan jefa mutum cikin rigima.

Manhajar da mu ke buɗe shafukan intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox, ita a ke kira burauza. Bisa al'ada mutum ne ke tuƙa ta: ya buɗe shafi, ya latsa gurbi, ya buga suna, ya latsa maɓallin aikawa. Dabarar da mu ke magana a kai ita ce a cire hannun mutum, a rubuta umarni jere da jere, burauzar ta bi su da kanta. Wani injiniya mai suna Jason Huggins ne ya fara ƙera shahararriyar manhajar wannan aiki a 2004, a kamfanin ThoughtWorks da ke Chicago a Amurka. Abin da zai ba ma'aikacin gwamnati dariya shi ne, abin da ya dame shi a lokacin bai wuce shafin da ma'aikatan kamfanin ke cika lokutan aikinsu da kuɗin da su ka kashe ba. Ya gaji da gwada shi da hannu duk sa'ad da aka yi masa gyara. Aka sa wa manhajar suna Selenium don zolayar wani kamfani abokin gasa mai suna Mercury, domin an ce sinadarin selenium maganin dafin zaiba ne. Daga baya Simon Stewart ya fito da wata hanya mai suna WebDriver, aka haɗe biyun a 2011, kuma a 2018 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da WebDriver a matsayin ƙa'ida ta kowa. Google ya fito da nasa, Puppeteer, a 2017, Microsoft kuma ya biyo da Playwright a 2020.

Abubuwa uku ne ke cikin aikin, kuma tsarin ofis zai taimaka mana wajen gane su. Na farko burauzar kanta, ita ce masinjan da zai je ya yi aikin. Na biyu wata ƙofa ce ta musamman da a ke karɓar umarni ta cikinta, wadda masana ke kira API. Ita wannan ƙofa ba ta jin magana sai an rubuta ta bisa wani tsayayyen tsari, kamar yadda rajistara ba ta karɓar takarda sai da lambar fayil da kan magana. Na uku shi ne kundin shiryayyun umarni da mai rubuta manhaja ke ɗaukowa ya saka cikin aikinsa, wanda a ke ce wa laburare. Shi ne magatakarda. Ɗalibi ya rubuta gajeren layi cikin harshen Python ko Java ko JavaScript, ya ce a buɗe shafi kaza. Laburaren ya mai da wannan layi cikakkiyar wasiƙa bisa ƙa'ida, ya aika ta ƙofar, ya jira amsa, ya fassara masa ita. In ba don shi ba, da sai mutum ya tsara kowace wasiƙa da hannunsa.

Wasiƙar farko ita ce ta neman a buɗe zama. A kan amsa da wata lamba, kuma duk umarnin da zai biyo baya sai ya ɗauki wannan lamba, don kada aikin wani ya cuɗe da na wani. Sa'an nan a ce: je ka adireshi kaza, nemo gurbin da sunansa kaza, buga waɗannan haruffa, latsa nan, ɗauko hoton abin da ya bayyana. In an gama a rufe zaman. Sau da yawa burauzar ba ta ma nuna fuska a kan allo, a ɓoye ta ke aikinta.

Da ya ke umarnin wasiƙa ce mai bin intanet, ba dole ba ne burauzar ta kasance cikin kwamfutar mai aikin. Akwai kamfanoni, irin su Sauce Labs na Amurka da BrowserStack na Indiya, da ke ajiye burauzoji a manyan kwamfutocinsu suna ba da su haya, musamman ga masu gwajin shafuka. Mutum ya biya, a ba shi makullin sirri, laburarensa ya riƙa nuna makullin a ƙofa. Ga wanda ke zaune a Malumfashi da tsohuwar kwamfuta da sabis mai rauni, wannan abin sha'awa ne, domin nauyin buɗe shafuka yana can wurinsu, shi abin da ke fita daga wurinsa 'yan gajerun saƙonni ne kawai.

Amma a nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani, kuma a ganina nan ne akasarin masu ɗokin abin ke wucewa da gudu. In burauzar tana wata ƙasa, to, duk abin da aka buga cikinta ya je wannan ƙasa: sunan manomi, lambar wayarsa, lambarsa ta NIN, lambar asusunsa, har da kalmar sirrin ma'aikacin da aka shiga shafin da ita. Wasu daga cikin masu ba da hayar kan ajiye hotuna da bidiyon kowane zama don a duba kuskure daga baya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan Nijeriya zuwa ƙasashen waje, ta kuma ɗora alhakin tsare su a wuyan wanda ya karɓa. Manomin da ya miƙa katinsa ga sakataren ƙungiya amana ya ba shi, bai san za a bi da sunansa ta wata nahiya ba. Har ila yau dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Sabo da haka ma'aikacin da ya ɗauki kalmar sirrin ofis ya saka cikin manhaja ba da sanin shugabansa ba, ko da niyyarsa sauƙaƙe aiki ce, ranar da abu ya ɓaci sunansa ne za a gani a rubuce. Mafi aminci ga irin wannan aiki shi ne a tuƙa burauzar a cikin kwamfutar ofis, da izini a rubuce, a bar ta haya ga gwaje-gwajen da babu sunan kowa a ciki.

Masinjan nan kuma ba ya gajiya, amma ba shi da wayo ko kaɗan. In masu shafin su ka sake sunan wani gurbi da dare, da safe sai ya tsaya cik. In shafi ya yi jinkirin buɗewa, sai ya latsa inda babu kome, shi ya sa a kan koya wa ɗalibi tun farko ya rubuta "jira har gurbin ya bayyana" maimakon "jira daƙiƙa biyar". Mafi muni shi ne sabis ya yanke daidai bayan an latsa maɓallin aikawa, kafin amsa ta dawo. Manhajar ba ta san ko sunan ya shiga ba. In an tsara ta ta sake gwadawa kai tsaye, sai manomi ɗaya ya zama biyu a cikin rajista, kuma mun san abin da suna biyu ke nufi a wurin rabon taki ko biyan albashi. Akawu in ya yi kuskure, ɗaya ne. Ita kuwa sai ta maimaita shi sau 800 kafin a gama sallar azahar. Maganin abin shi ne manhajar ta riƙe nata littafin, ta rubuta kowane suna da sakamakonsa, kuma ta duba ko suna yana ciki kafin ta sake shigar da shi.

Akwai kuma ƙofofin da aka rufe da gangan. 'Yan tambayoyin nan na karkatattun haruffa ko zaɓen hotuna, waɗanda masana a Jami'ar Carnegie Mellon su ka raɗa wa suna CAPTCHA, an sa su ne don a tabbatar mutum ne ke zaune. Inda aka sa su, mai gida ya ce ba ya son masinjan ƙarfe ke nan. Ɗalibai kuma su sani rajistar JAMB ba ta cikin wannan lissafi: sai mutum ya je cibiyar da aka amince da ita an ɗauki zanen yatsunsa, kuma tun 2021 sai da lambar NIN. Wanda ya ce yana da manhajar da za ta yi maka daga gida, kuɗinka ya ke so.

Haƙiƙa, tura burauza ta cika fom kamar shiga gida ta taga ne don ba a yi ƙofa ba. Inda hukuma ta buɗe tata API, manhaja kan miƙa bayanai kai tsaye, da makullin da hukumar ta bayar da saninta, kuma a kan amsa sarai cewa an karɓa ko an ƙi, ba tare da neman maɓalli a kan allo ba. Bankuna sun kama wannan hanya, musamman bayan Babban Banki ya fitar da ƙa'idojinta a watan Maris na 2023. Lalle ya dace ma'aikatun jiha masu hulɗa da manoma su riƙa sa wannan sharaɗi duk sa'ad da za su ba da kwangilar gina shafi, ko aƙalla a tanadi wurin ɗora jadawalin sunaye gaba ɗaya.

Ga ɗalibin da ke son koyo, kayan aikin kyauta ne: Python, da laburaren Selenium ko Playwright, da ƙaramin shafin gwaji da zai gina da kansa ya cika shi da sunayen ƙarya. Ga ofis kuwa, kada a yar da kundin takarda. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina sabo da matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Bakori da Ɗandume da Malumfashi, kuma an yi watanni kafin a buɗe. A tsawon wannan lokaci burauzar haya tana nan lafiya lau a inda ta ke, amma mai son aika mata umarni sai ya shiga mota ya nufi wajen Zariya.