Janareto a But Ɗin Motar Lantarki: A Yi Lissafi Kafin a Ɗaura

Wata Asabar na kai motata wajen mai rewaya a wani gareji da ke kan hanyar Jos, nan cikin Bauchi, sai na tarar an yi cincirindo a kan wata tsohuwar ƙaramar mota. An zare mata injin fetur, an dasa na lantarki, an jera batura a gurbin kujerar baya. Wani saurayi ne ya haɗa ta da hannunsa, kuma tana tafiya, don a gabana ta zagaya filin garejin shiru kamar kyanwa. Da ya buɗe but sai ga ɗan janareto Tiger ɗaure da igiyar roba, ga galan ɗin fetur a gefensa.

Na ce, "Samari, wannan fa?"

Ya ce, "Baba, ai shi ne sirrin. Da batir ya fara sanyi sai in ja shi, yana caji ina tafiya. Har Jos sai in je."

Ogan garejin ya dube ni, ya girgiza kai, bai ce uffan ba.

Ban ga laifin yaron ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, duk mai abin hawa dabara yake nema. Ga kuma labarin Mustapha Gajibo na Maiduguri, wanda yake mayar da ƙananan bas-bas masu amfani da lantarki yana yi musu caji da hasken rana. Ya zaburar da matasa da dama. Bauchi ma ba baƙuwar haɗa mota ba ce, manya ba su manta da kamfanin Steyr da ya riƙa haɗa tarakta da manyan motoci a garin nan ba.

Dabarar kanta ma ba shirme ba ce. Motar Chevrolet Volt da ta fito a Amurka a ƙarshen 2010, wadda Jelani Aliyu ɗan Sakkwato yana cikin waɗanda suka zana siffarta, a kan wannan tunani aka gina ta: ta yi kamar kilomita 56 da batir, daga nan injin fetur ya tashi ya juya janareto. To amma janareton nata ya haura kilowat 50. Na BMW i3, wanda ake yi wa kallon ƙarami, ya kai kimanin kilowat 25. Ɗan Tiger ɗin cikin but bai cika kilowat 1 ba.

Bari mu auna da abin da kowa ya sani, wato yunit ɗin mitar kamfanin wutar lantarki na JED. Ƙaramar motar lantarki tana cin kimanin yunit 15 a tafiyar kilomita 100. In kana gudun kilomita 60 a awa, cikin awa guda ka cinye yunit 9. A wannan awar Tiger bai ba ka ko yunit 1 cikakke ba, caja kuma ta ɗebi rabonta ta mayar da shi zafi. Abin da ka ƙaru da shi bai wuce kilomita 5 ba. Daga Bauchi zuwa Jos kuwa kusan kilomita 130 ne, kuma hawa ake yi, don Jos ta ɗara Bauchi tudu da kimanin mita 600. Tun kafin a kai garin Toro labari ya sha bamban.

Wani zai ce to a sa babba, mai kilowat 2 ko 3. Wannan ya fi, amma ka ƙara wa mota nauyin da ya kusa buhun siminti, kuma har yanzu abin da take ci ya ninka abin da yake ba ta. Sannan ga inda lissafin yake ɗaci: ƙananan janaretocin gida da ƙyar suke fitar da yunit 2 daga litar fetur guda. Yunit 15 ke nan sai an ƙona lita 7 zuwa 8, daidai abin da tsohon injin da ka cire yake sha a kilomita 100. Ka gudu daga gidan mai, ka zagaya, ka dawo layi riƙe da galan.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan yaɗuwa a bidiyoyin Facebook da TikTok: a ɗaura altaneta a taya, ko fanka a rufin mota, wai tana tafiya tana yi wa kanta caji har abada. Wannan kam babu ita. Ƙarfin da yake juya altanetar daga batir ɗin ya fito, kuma abin da zai koma bai taɓa kai abin da ya fita ba. Kamar mai ɗiban ruwa ne daga randa da ƙoƙo mai huda yana mayarwa cikinta, yana jiran ta cika. A inda kawai mota ke maido da wani abu shi ne a gangara ko lokacin taka birki. Duk wanda ya tallata maka janareto marar shan mai, riƙe aljihunka.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Hayaƙin janareto yana ɗauke da iskar gubar nan da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Mun sha jin iyalan da suka kwanta da janareto a kusa da ɗaki aka wayi gari babu su. Cikin mota kuwa ya fi kowane ɗaki ƙunci. Kada a ce ai an bar but a buɗe. Iskar da ke bayan mota mai gudu murɗawa take yi ta komo ciki, ta shigo da hayaƙin. Farko ciwon kai, sai jiri, sai gyangyaɗi, kuma mai gyangyaɗin shi ke riƙe da sitiyari.

Sai wuta. Batiran ruwa suna fitar da iskar haidirojin idan ana yi musu caji, tartsatsi kaɗan take jira. Na litiyam, musamman waɗanda ake tsintowa daga tsofaffin kwamfutoci a harhaɗa, in babu allon kula da caji da masu gyara ke kira BMS, ƙwaya ɗaya na iya ɗaukar zafi ta kunna 'yan'uwanta, kuma wutarsu tana sake tashi bayan an zaci ta mutu. Wutar ƙaramin janareto hawa da sauka take yi, ba kowace caja ke jurewa ba. Ka haɗa wannan da salansa mai zafi, da galan ɗin fetur, da ranar Bauchi ta watan Afrilu da ke taɓa digiri 40 a inuwa.

Janareto yana da rana, amma a ƙasa: mota a tsaye, shi a fili nesa da taga, da caja mai kyau da fiyus da waya mai kauri a tsakaninsu. Awa 4 da mai kilowat 2 da rabi za ta iya ba ka kilomita 50 zuwa 60, ta fitar da kai daga daji. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Wunti zuwa Yelwa zuwa kasuwar Muda Lawal ba, gara ya zuba kuɗin a ƙarin batir ko farantan sola a gida, ya rage wa motar nauyi, ya riƙa duba iskar taya. Kafin kuma a ɗauki ko da mutum ɗaya, a kai wa masu ilmin lantarki a jami'ar ATBU ko ɗaya daga cikin kwalejojin fasahar garin nan su duba haɗin, a kuma bi ta wajen jami'an duba motoci na VIO.

Da aka gama mini aiki na ɗauki tsinke na yi wa saurayin wannan lissafi a ƙasa. Ya daɗe tsugune yana kallon lambobin. Can ogan ya miƙa masa wuƙa, ya ce, "Yanke igiyar nan, ka sauke shi. Gobe ka zo da wuri mu duba fiyus ɗinka."