Gawon da Bai Mutu ba: Nazari a kan Hoton Filin Ƙasa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma ina shakka ko sun sa hoto a cikin lissafinsu. A watan Agusta na wata shekara, wani ɗalibina ya kawo mini hoton da ya ɗauka a wata gona da ke bayan garin Kafin Hausa, yana son ya sa shi a rahotonsa na aikin fili. Gawo ne guda ɗaya tak, babu ko ɗigon ganye a jikinsa, rassansa sun miƙe cikin sararin samaniya wanda ya yi duhu kamar hadari ya haɗo. A ƙarƙashin hoton ya rubuta cewa hamada na cinye Jigawa.

In dai ta fuskar tsari ne, ban ga abin kushewa ba. Bai dasa bishiyar a tsakiya ba, ya ture ta gefen dama, wajen kashi ɗaya bisa uku na faɗin hoton, kamar yadda masu koyar da wannan sana'a ke so. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kuwa ya sauke shi can ƙasa, don haka ido ba ya samun wurin hutawa sai a kan busassun rassan nan. Duk wanda ya kalla sai ya ji wani abu ya taɓa masa zuciya. To, sai na ce ya nuna mini hoton na asali, kafin ya taɓa shi a waya. Ashe abin da ya yanke daga ƙasa gero ne wanda ya kai ƙirjin mutum, kuma wanda ke gindin gawon ya fi na nesa tsawo da duhun kore. Samaniyar ma fari-fari take, shi ya ƙara mata duhu.

Manomi ba ya bukatar a yi masa bayanin gawo, amma ga mai karatu ɗan birni, ga yadda abin yake. Wannan bishiya, wadda masana tsirrai ke kira Faidherbia albida, ta saɓa wa sauran itatuwa: tana zubar da ganye da faɗuwar damina, ta sake tohowa da rani. Saboda haka ba ta tare wa shuka rana, ganyen da ta zubar ya ruɓe ya zama taki, saiwarta kuma tana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu kamo sinadarin naitrojin daga iska. Da rani dabbobi su sha inuwarta, su ci 'ya'yanta, su bar kashinsu a wurin. Wato dai yaron nan ya ɗauki hoton lafiyayyar bishiya a lafiyayyar gona, ya mai da shi shaidar mutuwa, alhali bai ƙara ko tsinke a cikin hoton ba. Yanka kawai ya yi.

Wannan ita ce matsalar tsarin hoto. Mai ɗauka yana zaɓen inda zai tsaya, da lokacin da zai ɗauka, da abin da zai bari a waje. Gilashin kyamara mai jawo nesa yana matse tazara, sai itatuwa goma da ke warwatse su zama kamar kurmi. Mai buɗe fili kuwa yana nesanta su, sai wuri ɗaya ya koma fako. Mutum biyu za su tsaya a kan jigawa guda, ɗaya ya dawo da daji, ɗaya ya dawo da sahara.

Gyaran hoto ba da kwamfuta ya fara ba. Ansel Adams, shahararren mai hoton nan na Amurka, ya ɗauki fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, kuma a wanke-wanken da ya yi daga baya ya riƙa ƙara wa samaniyar duhu har ta zama baƙa ƙirin. Ba a zarge shi ba, domin bai ce shaida ya kawo ba. Amma da mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da 'yar'uwarta a 1982 don su dace da bangonta, ta sha suka ƙwarai, saboda masu karatunta sun ɗauka abin da ke ƙasa ake nuna musu. A ganina, ƙara haske ko rage shi domin a ga abin da ido ya gani halal ne. Cire abu, ko ƙara shi, ko canza launi har ma'ana ta juya, wannan ba shi da gurbi a rahoton kimiyya.

Launin kore ma yana ruɗi. Na sha ganin hotunan fadamun Haɗeja, har da na kogin Kafin Hausa, an ƙara musu kore har sun zama kamar aljannar duniya. Sau da yawa koren nan kacalla ce, ciyawar da ta mamaye hanyoyin ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda kogin ke cika da janyewa. Ta toshe magudanai, ta hana masunta shiga, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye hatsi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina musun kwararowar hamada. Abin da nake tsoro shi ne, irin waɗannan hotuna su ne ke shiga rahotannin da ake dubawa a yanke shawarar inda za a kashe kuɗin dashen itatuwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga haka. An daɗe ana cewa itatuwan Maraɗi da Damagaram sun ƙare, sai da Gray Tappan, masanin ƙasa daga Amurka, ya jera hotunan sama na 1975 da na bayan shekarar 2000, aka ga gonaki sun fi da yawan itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Manoma ne suka riƙa barin toho yana girma, kuma a ƙasar Damagaram akasarinsa gawo ne.

Wannan dabara ta maimaita hoto ba ta fi ƙarfinmu ba. A tsaya wuri ɗaya, da gilashi iri ɗaya, a rubuta rana da sa'a, a kuma bar wani abu da ba ya motsi a cikin hoton. Mutanen Dutse sun huta, duwatsunsu ba sa zuwa ko'ina. A Kafin Hausa, inda ƙasa take shimfiɗe, sai a nemi rijiya ko suri.

Na mai da ɗalibin gonar a watan Fabrairu. Ya tsaya inda ya tsaya da, ya bar wani suri a gefen hagu. An girbe gero, ƙasa ta yi fari fat, hazo ya rufe nesa, gawon kuwa ya cika da ganye, shanu bakwai na kwance a gindinsa. Hotunan biyu ya manna a shafi ɗaya, kowanne da kwanan watansa.