IN TATSUNIYA TA YANKE A TSAKIYA, YAYA ZA A YI?

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Hausawa ta Mile One a Fatakwal, ko a zangon Anacha da na Inugu, ya san wannan matsala. Bayan sallar lisha yara su kewaye uwa ko kaka suna roƙon tatsuniya. Ta fara ta Gizo da Ƙoƙi, tana kaiwa tsakiya sai ta tarar sauran ya ɓace mata, tsofaffin da za ta tambaya kuwa suna can Kano ko Katsina. In ta yi shiru, yaran nan da bakinsu ya fi sabawa da Turancin buroka sai su watse, gobe kuma ba za su sake tambaya ba.

To, ashe ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, cikin 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Mutane su zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, mutum ɗaya kuma ya zama jagora mai ba da labari. In jarumi zai yi wani abin kasada, sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, wata ma fuskarta 20, ita za ta nuna ko ya ci nasara. Sau da yawa 'yan wasa kan bi hanyar da littafin wasan bai ambata ba, dole jagora ya ƙago nan take.

Wannan dabara kuwa ba baƙuwa ba ce wurin Bahaushe. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, Abubakar Imam ya ɗauki sunan tsohuwar tatsuniyar Ruwan Bagaja ya gina sabon labari a kai: ɗan sarki ba lafiya, Alhaji Imam ya bazama duniya neman ruwan magani, yana ta karo da Malam Zurƙe, har ya komo da shi.

Watau ginshiƙan uku ne: abin da aka rasa, wahalar hanya, sa'an nan komowa gida. Uwar da ta riƙe waɗannan ba za ta rasa abin faɗi ba. In ta manta kogin da jarumi ya haye, ga Kwara nan a Anacha. In ta kakare, sai ta tambayi yaro abin da zai yi in shi ne ya gamu da dodo, ta ɗora daga amsarsa.

Amma fa akwai iyaka. Labarin Bayajida yana da masu shi a Daura, rijiyar Kusugu tana nan har yau, saboda haka kada a yi masa ƙari a ce tarihi ne. Tatsuniya ce ta yarda da ƙari, shi ya sa mai ba da ita kan ɗora wa Gizo laifin ƙaryar in ta zo rufewa.

Wanda kuma zai je gida, ya nemo littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya riƙo wa yara tsaraba. Kafin ya komo, iyaye mata, a ci gaba da ƙagowa. Allah Ya raya mana zuriya, amin.